Zurman: a Garwa ciyawar bola, a Faransa furen ado

Duk wanda ya bi bayan gidaje a Garwa ko Marwa da damina ya san zurman, wanda wasu ke kira cika-gida. Yakan fito da kansa a kan bola da bakin kwata, ganyensa faffaɗa kamar tafin hannu a buɗe. Ba mai shuka shi, ba mai ba shi ruwa. To wannan tsiro da muke sarewa, shi ne Faransawa ke kira ricin, suna sayen irinsa da kuɗi don ƙawata lambunan birni.

Dalili shi ne sanyi. Zurman ɗan ƙasa mai zafi ne, a wurinmu yana iya shekaru har ya zama ƙaramar bishiya. A Turai kuwa, daren farko da raɓa ta daskare ya mutu, don haka kowace shekara sai an sake shukawa. Sukan jiƙa ƙwayar kwana ɗaya, su sa ta a tukunya cikin ɗaki mai ɗumi a watan Maris ko Afrilu, sai tsakiyar Mayu su fitar da ita waje. Kafin sanyi ya dawo ya kai mita 2 zuwa 3. Sun ware nau'o'i na musamman: Carmencita da Impala masu jan ganye, da Zanzibarensis mai koren ganye da kan kai rabin mita a faɗi.

A arewacin Kamaru aikin bai kai haka ba. Idan ruwa ya zauna, ƙarshen Mayu ko Yuni, a binne ƙwayar a inda ake so ya tsaya, domin saiwarsa ba ta son dashe. A bar aƙalla mita ɗaya tsakani, a zuba takin shanu da ya ruɓe. Abin da ba ya jurewa shi ne kwanciyar ruwa, saboda haka baƙar ƙasar karal ta gefen Binuwai ba wurinsa ba ce sai an yi tudu. Da zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke wuce digiri 40, yakan zubar da ganyen ƙasa in ba a ba shi ruwa ba. A ganina ya fi furannin da ake ɗaukowa daga Duwala dacewa da gidajenmu, waɗanda hunturu ɗaya ke ƙonewa.

Sai dai ƙwayarsa guba ce. Da sinadarin da ke cikinta aka kashe marubucin Bulgeriya Georgi Markov a Landan a 1978, kuma har yau babu makarinsa. Man da ake sayarwa a kantin magani ba ya ɗauke da shi, domin gubar tana zama a cikin tunkuzar da ta rage bayan matsa. Haɗarin yana ga yara: ƙwayar tana da sheƙi da zane kamar wake, kuma tauna ta ke sakin gubar. Amai da gudawa sukan zo bayan wasu sa'o'i. Yaron da ya tauna a kai shi asibiti nan take, kada a jira alama, a tafi da sauran ƙwayar likita ya gani.

Mai yara ko awaki a gida da ke son ganyen, ya riƙa yanke kan furen da zarar ya fito, kafin 'ya'yan masu ƙaya su ƙulla. Ganyen ma ya fi girma idan an yi haka.