Mai Ilimi Da Sandar Kiwo

Ya ɗan'uwana, ka gama jami'a, takardar shaida tana cikin akwati, aikin da ka sa rai kuwa bai zo ba. Mutanen gida suna tambaya, kana sunkuyar da kai.

Dubi Musa. Aka koya masa dukan ilimin Masarawa a gidan Fir'auna. Yana da shekara 40 ya tashi domin ya ceci 'yan'uwansa, amma suka ƙi shi. Ya gudu Madayana, ya yi shekara 40 can, yana kiwon tumakin surukinsa Yetro. Masani fa, da sandar kiwo! A jejin nan ne Allah ya kira shi, ta nan kuma ya bi da Isra'ilawa daga baya.

Karanta Ayyukan Manzanni sura 7 da daren nan, kana ka yi addu'a a kan ƙaramin aikin nan da ka rena.