Yadda Ake Shigar da Wayar Talabijin ta Cikin Bango

Tun shekarar 1979 Tele Sahel take watsa shirye-shiryenta ga jama'ar Nijar. A wancan zamani, kallo sai a dandali ko a gidan mai hali. A yau kuwa, a birnin Tawa da garuruwan Adar kamar Kaita, Barmu da Tabalak, gidaje da yawa sun mallaki akwatin talabijin. Wasu suna aiki da wutar NIGELEC, wasu da wutar hasken rana.

Eriya, ko farantin nan da ake kira parabol, a waje suke zama. Akwati kuma yana cikin ɗaki. Ke nan dole waya ta ratsa bango. Kafar da za a huda ba ta wuce kaurin ɗan yatsa ba, amma idan aka yi ta da ganganci, tana iya jawo asarar ɗaki, har ma da ta rai. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ina haɗarin yake?

Na farko, ruwa. Idan ana ruwan sama, yakan bi jikin waya yana gangarowa. In kafar ta karkata zuwa ciki, sai ya shige cikin bango. Bangon ƙasa yana shan ruwa a hankali, ya yi laushi daga ciki, mai gida bai sani ba. A daminar 2024 ruwa ya rushe gidaje masu yawa a ƙasarmu, har da jihar Tawa. Kada mu buɗe masa ƙofa da hannunmu.

Na biyu, wutar lantarki. Wutar gidajenmu tana da ƙarfin bolt 220, kuma tana kisa. A gidan siminti, sau da yawa wayoyinta a binne suke cikin bango.

Na uku, ƙwari. Kafar da ba a toshe ba hanya ce ga kunama, sauro da gara.

Zaɓen wuri

Idan gidan haya ne, nemi izinin mai gida tukuna.

A ƙasar Adar, hadari daga gabas ya fi tasowa, iska kuma takan watsa ruwa a bangon gabas. Saboda haka, in da hali, huda bangon yamma, ko wanda yake ƙarƙashin rumfa. Kada ka huda kusa da indararo.

Dubi makunnin fitila da wurin jona wuta. Wayar da aka binne takan miƙe daga gare su zuwa sama, ko ƙasa, ko gefe. Guji waɗannan layuka. Guji kuma ginshiƙi da kankaren da ke bisa ƙofa ko taga, domin akwai ƙarfe a ciki, kuma su ne suke ɗauke da nauyin gini. A ɗakin ƙasa, nisanci kusurwa da wurin da azara ta zauna.

Matakan aiki

1. Kashe wutar gida daga mita. Yi aiki da injin huda bango mai batir, ko da kayan hannu. Kare idanunka da tabarau, ka rufe hanci da ƙyalle saboda ƙura. A nisantar da yara.

2. Fara hudawa daga cikin ɗaki, kana karkata kaɗan zuwa ƙasa. Bakin kafa na waje ya zama ƙasa da na ciki da kamar yatsa biyu. Wannan shi ne babban sirrin aikin, domin ruwa ba ya hawan tudu.

3. A bangon bulo na siminti, yi amfani da tsinken injin da aka yi domin siminti. Kaurin wayar talabijin wajen milimita 7 ne. Tsinke mai milimita 16 zai ba da wurin da siririn tiyo zai shiga. In ka kusa ɓullewa, sassauta hannu, don kada shafen waje ya ɓantare.

4. A bangon tubalin ƙasa, rodi mai tsini ya isa. Riƙa murza shi da hannu a hankali. Duka mai ƙarfi da guduma yana tsaga bango. Aikin rani ne, lokacin da ƙasa ta bushe sarai.

5. Zura guntun tiyo na roba a cikin kafar, sannan ka bi da waya ta cikinsa. Tiyo yana hana bango cin jikin waya. A bulo mai rami a ciki, shi ne yake nuna wa waya hanya.

6. A waje, kafin waya ta shiga bango, bar ta ta sauko ƙasa da kafar da kamar taƙi ɗaya, sannan ta sake hawa. Za ta yi kama da harafin U. Ruwan da ya biyo ta zai ɗiga a gindin U, ba zai kai ga kafa ba. Amma kada ka karya ta kamar kara, domin hoto zai lalace.

7. Toshe gefen tiyo ciki da waje. Bangon siminti da siminti, bangon ƙasa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa irin ta yaɓe. Bakin tiyo ma a cika shi da silikon ko danƙo.

8. Kafe waya a jikin bango da ƙusoshinta masu kan roba, ɗaya a kowane kamu. Kada ta yi tafiya manne da wayar lantarki.

Tsawa da wayoyin titi

Sandar eriya ta yi nisa da wayoyin lantarki na titi. Auna da ido: ko da iska ta kayar da ita, kada ta kai gare su. Tsawa kuma takan faɗa wa abin da ya fi tsawo, ta biyo waya zuwa ɗaki. Daga Yuni zuwa Satumba, da zarar hadari ya haɗo, cire wayar eriya da ta wuta daga akwati tun kafin a fara walƙiya. Yana da kyau mai gyaran wuta ya haɗa sandar da ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa.

Idan wuta ta kama mutum, kada ka taɓa shi da hannu. Kashe mita, ko ka raba shi da waya da busasshen icce. A kai shi asibiti nan da nan, ko da ya ce ya ji sauƙi, domin wuta tana taɓa zuciya.

Ƴan'uwa masu karatu, wanda ya riga ya shigar da wayarsa, ya fita yau ya duba ta. Kafar tana kallon ƙasa? Akwai harafin U? An toshe? Gyaran bai fi aikin awa ɗaya ba, sake gina ɗaki kuwa yana iya cinye kuɗin amfanin gona na shekara. A karanta wa maƙwabta wannan shafi kafin ruwan farko ya sauka.