Hayaƙin da Ya Tsallaka Iyaka

Idan iska ta ɗauko guba, ganye ne ke fara ba da shaida. Sai a ga tsakanin jijiyoyinsa ya koɗe, gefensa ya ƙone. Abin da manoman jihar Washinton ta Amurka suka riƙa gani ke nan a gonakinsu da dazuzzukansu wajen shekarar 1925. Mafarin abin kuwa wata masana'antar narka dalma da tutiya ce a garin Trail na Kanada, wadda hayaƙinta mai ɗauke da iskar farar wuta ke bin kwarin kogin Kolambiya ya tsallaka iyaka. Wannan iska takan shiga ta ƙofofin numfashin ganye, ta gamu da ruwan da ke ciki, ta kashe ƙwayoyin halitta.

To, mai karatu, ina za a kai ƙara? Sanin kowa ne ƙasashe ba su da sarki guda a kansu, balle dogari. Kowace ƙasa mai cin gashin kanta ce, kuma daidai take da 'yar'uwarta a gaban doka, kamar yadda kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya tabbatar daga baya. Saboda haka dokar ƙasa da ƙasa galibi daga yarda take tsirowa: ko dai yarjejeniya, wadda cika ta wajibi ne a kan wanda ya shige ta, ko kuwa al'adar da ƙasashe suka daɗe suna bi har suka ɗauke ta tilas.

Yarjejeniya ƙasashen biyu suka ƙulla a 1935. Kanada ta amince ta biya dala 350,000, aka kuma naɗa alƙalai uku. A 1938 suka ƙara mata dala 78,000, kuɗin da bai kai abin da Amurka ta nema ba, domin sun ƙi karɓar duk ɓarnar da ba a tabbatar da ita ba. A ganina nan ne ilmin kimiyya ya yi rana. Hukuncinsu na 1941 shi ne ya fi nauyi: ba wata ƙasa da ke da ikon barin a yi amfani da ƙasarta ta yadda hayaƙi zai yi wa maƙwabciyarta mummunar ɓarna. Ba a rufe masana'antar ba, ƙa'idojin sakin hayaƙi aka gindaya mata.

Taron Stockholm na 1972 da na Rio na 1992 sun maimaita wannan ƙa'ida, sannan a 1996 Kotun Duniya da ke Hague ta ce ta shiga cikin dokar ƙasa da ƙasa.