Ƙwayar daji ba Panadol ba ce

Daga Kebbe zuwa Kuchi da Margai, har Tambuwal da Dogon Daji, akwai wata magana da muka gada: wai ciwon daji ba ya son ƙarfe. In ƙari ya fito wa mace a nono, sai a ce kada allura ta taɓa shi, kada wuƙar likita ta kusance shi, zai fashe ya bazu. Wannan magana ta kai mata da yawa kushewa, domin ita ke hana zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki. Yanzu kuma ta haifi wata fitinar. Da mutane suka ji akwai maganin daji na haɗiya, ba allura ba ƙarin ruwa, sai suka ɗauke shi abu mai sauƙi. Ana ajiye ragowarsa, ana sammar wa maƙwabciya, ana tura hoton kwalinsa ta WhatsApp a sayo a birni a ba direba ya kawo. Wannan ɗabi'a kisa take yi, kuma dole mu bar ta.

Ƙwayar da nake magana a kai sunanta capecitabine, wadda kamfanin Roche ya fitar da sunan Xeloda, aka amince da ita a Amurka a 1998. Ana ba da ita ga masu sankarar mama da ta hanji da ta tumbi. In ta shiga jiki, hanta da ƙarin kansa suna juya ta ta koma fluorouracil, wato maganin nan da ake ɗura wa masu daji ta jijiya tun bayan gano shi a 1957. Ashe dafin da ake ratayawa a ƙarfe a gadon asibiti, ma'aikatan jinya na tsaye da safar hannu, shi ne aka dunƙule aka ba ka ka tafi da shi gida. Aikinsa kashe duk wata ƙwayar halitta mai saurin hayayyafa. Daji na cikinsu, amma haka ma fatar cikin baki, da bangon hanji, da ɓargon da ke ƙera jini. Shi ya sa likita ba ya rubuta ta da ka. Sai ya auna tsawo da nauyi, ya duba jini da ƙoda, sannan ya ƙidaya guda nawa. Yawanci ana sha safe da yamma, cikin rabin sa'a bayan cin abinci, a haɗiye da ruwa, kwana 14, sannan a huta kwana 7 cur kafin a koma a sake gwajin jini.

Na ga abin nan a gidanmu. Gwaggona ta dawo daga asibiti da kwalinta a ƙulle a bakin zane, tana murna an sallame ta daga ƙarin ruwa. Bayan kamar kwana goma na shiga gaishe ta, na tarar da ita kwance a kan tabarma, leɓɓanta sun bushe sun tsage, ga kwanon fura a gefe ko ludayi ɗaya ba ta sha ba. Da ta miƙo hannu na ga tafin ya yi ja ya kumbura, fatar yatsu na saɓulewa kamar wadda ta taɓa tukunya a kan wuta.

Na ce, "Gwaggo, tun yaushe kike haka?"

Ta ce, "Kwana ukku ke nan, ɗan nan. Zawo ne, ko da dare ban samun barci."

"Kuma kina shan maganin?"

"To mi zan yi? An ce kar in tsallake ko guda. Ai cutar ce ke fita."

Wannan kalma, cutar ce ke fita, ita ce ta fi ba ni tsoro a duk lamarin. Mun saba da jiƙo da tsimi, inda ake ganin in magani ya sa gudawa to yana wanke ciki. A nan ba haka ba ne. Zawon alama ce cewa maganin ya fara cin hanji, kuma duk ƙwayar da aka ƙara bayan nan ƙara wa wuta makamashi ne. Allah ya taimake mu muka kai ta a ranar. Ta kwana shida a gado ana ƙara mata ruwa, daga baya likita ya rage mata adadin, ta ci gaba da sha lafiya.

Don haka duk gidan da ƙwayar nan ta shiga, a haddace wannan kamar karatun allo. In fita bayan gida ta ƙaru da sau huɗu a rana a kan yadda aka saba, ko zawo ya tashi mutum da dare, a dakatar da maganin a kira likita. In an yi amai fiye da sau ɗaya a yini, ko baki ya yi gyambo har cin abinci na wuya, ko tafin hannu da na ƙafa sun kumbura suna zafi, haka nan. In ƙirji ya ɗaure ko numfashi ya yi wuya, ba a jiran gari ya waye. Zazzaɓi kuwa, in ya kai 38 a ma'aunin zafi, kada a ce maleriya ce a aika yaro kemis. Maganin na rage sojojin jini, ƙwayar cutar da mai lafiya zai kwana da ita ya tashi tana iya kashe mai shan sa cikin yini ɗaya, Panadol kuma rufe zafin kawai zai yi a zaci an samu sauƙi. Akwai ma mutanen da aka haifa jikinsu ba ya iya narkar da wannan magani, kuma su tun kwanakin farko yake kayar da su. Saboda su ne hukumar magunguna ta Turai ta ce a 2020 a riƙa gwada mutum kafin a fara ba shi. Tsayar da magani na 'yan kwanaki bisa shawarar likita ba ya ɓata jinya.

Akwai kuma ɓarnar da ƙauna ke jawowa. An ga mara lafiya ta yi fari, sai 'yar'uwa ta kawo 'yan ƙananan ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa da ake ba masu ciki a wajen awo, ko kwalbar maganin ƙarin jini. Sinadarin folik asid da ke cikinsu yana ƙara wa wannan magani dafi. Mai shan warfarin na tsinka jini na iya zubar da jini, mai shan phenytoin na farfaɗiya na iya buguwa da nasa maganin. Duk abin da ake sha, har sassaƙe da rubutu da aka haɗa da saiwa, a faɗa wa likita. Wata kuma ta ga tsohuwa na wahalar haɗiya, sai ta daka ƙwayar ta zuba a kunu. Garin nan yana shiga hanci da fatar mai dakawa, in kuwa tana da ciki ta cuci abin da ke cikinta. Ba a fasa ta, ba a tauna ta. Wanda ya manta bai sha da safe ba, kada ya haɗa biyu da yamma. Mai son yin azumi ya tambayi likita tukuna, kada ya tara na yini ya haɗiye bayan shan ruwa. Mai shayarwa ba ta ba da nono, kuma ba a ɗaukar ciki a lokacin jinya da watanni bayanta, ko mijin ne ke sha. Mai wanke fo ko zanen da aka yi amai a kai ta sa safar hannu, ta wanke shi daban.

Hannu da ƙafa suna son tattali. A ɗauke wa mara lafiya daka da wanki da ruwan zafi, kada ta taka rairayin rana ba takalmi, a riƙa shafa mai safe da dare. A lura, lalle na ɓoye jan tafi, don haka a tambaye ta ko tana jin zugi. Maganin kan shafe zanen yatsa ma: a 2009 likitoci sun ba da labarin wani majinyaci daga Singafo da aka tsare a filin jirgin sama a Amurka saboda na'ura ta kasa karanta yatsunsa. Wanda zai je banki ko wajen katin ɗan ƙasa ya riƙe takardar likita.

Na san abin da ke tura mutane ga ragowar wani. Magani na da tsada, hanya daga Kebbe ta Tambuwal da Shagari da Boɗinga zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na cin kuɗin mota da yini guda, ga fargabar hanya. Ƙididdigar hukumar binciken daji ta duniya ta 2022 ta nuna sabbin masu daji sama da 127,000 a Najeriya a shekara, fiye da 32,000 daga cikinsu sankarar mama. Amma ba kowane ƙari ne daji ba, kuma ba a sanin daji sai an ɗebi tsoka an duba. Wadda aka ba ragowar mamaciya don ta ji kumburi a nono, wataƙila maruru ne kawai, an shayar da ita guba a banza. Su kansu ƙwayoyin daji kowace da dokarta: tamoxifen kullum ake sha har shekaru, methotrexate kuwa in na ciwon gaɓɓai ne sau ɗaya ake sha a mako, kuma shan sa kullum bisa kuskure ya kashe mutane a ƙasashe da dama. Na sayen hannu kuma wa ya san asalinsa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe irin namu jabu ne ko maras inganci. Ko na gaskiya ne, ba a son ya wuce zafin 30, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, balle a gaban motar haya.

Masu kemis na garuruwanmu, ku ji tsoron Allah, wannan ba hajarku ba ce. Masu jinya kuma, kada ku bar asibiti sai kun karɓi lambar wayar da za ku kira da tsakar dare, an rubuta muku ranar farawa da ranar tsayawa. Ku sayi ma'aunin zafi da gishiri da sukari ku ajiye. Kwalin ya zauna a cikin akwati mai makulli, can inda inuwa take, nesa da hannun yara. Abin da ya rage bayan an canza magani, ko bayan Allah ya yi ikonsa, a mayar da shi asibitin da ya bayar.