Wa Ke Kwana da Inna?

 Shirinmu na musamman na yau zai kai mu wani ɗaki da kusan kowane gida ya sani: ɗakin da tsoho ko tsohuwa ke kwance ba lafiya. Yau hankalinmu yana kan wanda ke shimfiɗa tabarma a gindin gadon ya kwana.

Akwai wani gida da na sani a cikin birnin Kano. Tun kafin kiran assalatu za ka ji motsi a tsakar gidan. Wata baiwar Allah ce, ta ba shekara arba'in baya, take hura gawayi ta ɗora ruwa. In ya yi zafi ta sirka a baho, ta tsoma hannu ta ji, sannan ta ɗaga labule ta shiga ɗakin uwar mijinta, wadda ɓarin jikinta na dama ya shanye shekara biyu ke nan.

"Inna, an tashi lafiya? Zan juya ki, ki riƙe ni da hannun nan mai kyau."

Tsohuwa ta ce, "To, 'yar nan," da harshen da ya yi nauyi.

Sai ta zare zanen da ya jiƙe, ta goge ledar da ke kan katifa, ta wanke tsohuwa tas, ta tsane mata jiki, ta duba bayanta da ƙugunta da dunduniyarta ko fata ta canja launi. Ta kawo mata buta ta taya ta alwala. Bayan salla ta jingina ta da matashi, ta ba ta koko cokali-cokali, tana jira ta haɗiye kafin ta ƙara. Duk wannan kafin ta tashi 'ya'yanta ta shirya su makaranta. Da dare kuma sau uku ko huɗu take farkawa.

Tsohuwar nan 'ya'ya bakwai ta haifa, duk suna raye. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sukan zo dubiya da ledar lemo da ayaba. "Ya mai jiki?" A ce da sauƙi. Su juya wajen matar ɗan'uwansu su ce, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada." Ta ce amin. Kafin la'asar kowa ya kama gabansa. Ba na zargin zuciyar ko ɗaya daga cikinsu, suna son uwarsu. Amma a shekara biyun nan babu wanda ya taɓa cewa, yau je ki yi barci, ni zan kwana da ita.

Mu Hausawa muna alfahari da cewa ba ma yar da tsofaffinmu, kuma alfaharin yana da tushe. Mutum ya kai mahaifinsa gidan gajiyayyu, irin na Shahuci a nan Kano, abin kunya ne da zai bi zuri'arsa. Malamanmu kullum suna tuna mana aya ta 23 a Suratul Isra'i, wadda ta hana nuna wa iyaye ko da ƙosawa idan tsufa ya riske su a hannunmu. Sai dai in mun ce "muna riƙe da Inna," ya kamata mu tambayi kanmu: mu wa? A yawancin gidaje amsar mutum ɗaya ce, kuma mace ce. Ko matar ɗa, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko jikar da aka cire daga makaranta aka ce ta zauna da kaka. Ita ke ɗaukar nauyin, dangi kuma su raba yabon.

A da gida babba ne, sassa-sassa, matan 'ya'ya huɗu ko biyar a tsakar gida ɗaya, kowa ta kama wani abu. Yanzu wannan yana Abuja, wancan yana Legas, wani yana haya a ɗaki biyu a bayan gari. Gidan ya watse, amma tsammaninmu bai canja ba. Ga shi kuma cututtukan da ke kwantar da tsofaffi a yau masu daɗewa ne: hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda. Jinyar da a da take mako biyu, yanzu tana iya kai shekara biyar.

Jinya irin wannan aiki ce mai buƙatar sani, kuma kusan duk masu yin ta babu wanda ya koya musu. Ɗauki gyambon kwanciya. Wanda ba ya iya juya kansa, nauyin jikinsa yana danne fata a kan ƙashi, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki. Farkonsa ɗan wuri ne da ya yi duhu ko ya yi zafi, a ƙarshen gadon baya, ko ƙugu, ko dunduniya. In aka yi sake sai ya buɗe, ya zurma har ƙashi, kuma yana iya kashe mutum. Abin da ma'aikatan jinya ke koyarwa shi ne a riƙa juya majinyaci kamar kowane awa biyu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗaga dunduniya daga katifa, kada a bar shi cikin danshin fitsari. Matar da na ba ku labarinta sai da gyambo ya fito wa tsohuwa tukuna wata nas maƙwabciyarsu ta nuna mata wannan.

Haka ma ba da abinci. Wanda ya samu shanyewar jiki sau da yawa haɗiyarsa tana raunana. In aka ɗura masa kunu yana kwance, zai iya ƙwarewa, abin ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi da tari su taso. A zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, a bar shi zaune na ɗan lokaci bayan ya gama. Gashin ƙashi kuma, wanda ake yi a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, amfaninsa ya fi yawa a watannin farko. Mai zuwa da majinyaci ya roƙi mai gashin ya nuna masa motsin da zai riƙa yi masa a gida. Kuma ina roƙonku, ranar da kuka ga bakin tsoho ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ku nufi asibiti a lokacin. Addu'a ana yin ta a cikin mota. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma kowane awa da aka ɓata yana da tsada.

Akwai jinyar da ta fi wannan cin rai, wadda muke kira gigin tsufa. Tsohuwa ta ci tuwo yanzu, baƙo ya shigo ta ce masa kwana biyu ba a ba ta abinci ba. Ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa, ta manta, ta ce matar ɗanta ce ta sace. Da magariba ta ɗaure kayanta ta ce za ta tafi gidan babanta, wanda ya rasu shekara hamsin da suka wuce. Aure nawa ne ya mutu saboda ɗa ya gaskata abin da uwarsa ta faɗa cikin ruɗewa? Mafi muni, a wasu wurare tsohuwa mai irin wannan lalura in ta fita ta ɓace tana surutai, sai a ce mayya ce, yara su bi ta da jifa. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana nau'insa mafi yawa tun 1906, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa a duniya, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Musu da mai wannan ciwo ba ya haifar da komai sai ɓacin rai. In ta ce za ta gidan babanta, a ce, "To Inna, bari mu sha fura tukuna." Sau da yawa kafin a gama damu ta manta da tafiyar.

Hukuma fa? A takarda an yi motsi. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, a 2021 kuma gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi tun 2012. Jihar Ekiti ta taɓa fara biyan tsofaffi marasa galihu naira 5,000 duk wata a 2011. Amma manomi da ɗan kasuwa da mai sayar da ƙosai ba su da fansho, fanshonsu 'ya'yansu ne. A ganina abin da gidajenmu suka fi buƙata ba mai tsada ba ne: ma'aikacin lafiya na unguwa ya riƙa leƙa gidan da ke da kwantaccen majinyaci, ya auna jini, ya duba fata, ya koya wa mai jinya. Jihohinmu na Arewa za su iya wannan in sun sa kansu.

Kafin hukuma ta zo, mu dubi ita mai jinyar. Bayanta ya riƙe saboda ɗaga babban mutum ita kaɗai. Barcinta gutsi-gutsi ne. Ta daina zuwa biki da suna, 'yar sana'arta ta tsaya, ta fita daga adashi. Wata rana za ta ɗaga wa tsohuwa murya, sannan ta shiga ɗaki ta yi kuka tana ganin ta yi saɓo. Ba za ta faɗa wa kowa ta gaji ba, don kada a ce ba ta neman albarka. Ni na ga wadda ta yi jinyar mahaifinta shekara huɗu, ranar sadakar bakwai ɗinsa ita aka kwantar a asibiti da hawan jini.

Maza 'yan'uwana, wannan magana tamu ce. Uwarka ce, kai ta haifa. Abin da matarka ke yi mata kyautatawa ce da ya kamata ka gode, ka kuma sa hannu. In mahaifinka ne a kwance, wanka da kai shi bayi kai ya fi dacewa ka yi, shi ma zai fi sakewa da ɗansa. Wanda ke nesa ya ɗauki kuɗin magani da famfas da sabulu a kansa duk wata, ba sai an kira shi an roƙa ba. 'Yan'uwa su zauna su raba kwanaki kamar yadda ake raba girki, kowa ya san darensa. In da hali a ɗauki mai taimako a biya ta, babu kunya a ciki. Yarinyar da aka cire daga makaranta kuma a mayar da ita aji.

Mai sauraro, in akwai tsoho kwance a danginku, ka san wadda ke kwana da shi. Wannan Juma'ar in ka je dubiya, ka tafi da tabarmarka, ka ce mata ta je ta huta har gobe. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.