Numfashi bayan tiyata: abin da nas ke rubutawa a fayil

Wanda aka yi wa aiki a saman ciki, kusa da ƙirji, ba ya son jan dogon numfashi, domin duk ja ɗaya sai ɗinkin ya amsa. Sai ya koma shaƙar iska kaɗan-kaɗan, yana danne tari. Ga maganin barci bai gama sakinsa ba, ga kwanciya rigingine. Kafin a ankara ƙananan jakunkunan iska na gindin huhu sun manne, kaki ya taru, nimoniya kuwa ta samu ƙofa.

Likita cuta yake sanya wa suna. Nas kuwa tana rubuta yadda jikin majinyaci ke fama da halin da ya shiga, da abin da hannunta zai iya gyarawa. Tsarin wannan rubutu ya kankama ne daga wani taron ma'aikatan jinya a birnin St. Louis na Amurka a 1973, wanda ya haifi ƙungiyar NANDA a 1982. Wata malamar jinya, Marjory Gordon, ce ta yaɗa rubuta shi gaɓa uku: matsala, sababinta, sai alamomin da aka gani ko aka auna.

A sha'anin numfashi matsaloli uku aka fi rubutawa: kasa fitar da kaki daga hanyar iska, numfashin da ba ya cika huhu, da naƙasar musayar iska tsakanin huhu da jini. Sunan ba shi da wuyar zaɓa. A gaɓar sababi ake yin tuntuɓe. Ɗalibai da yawa sukan rubuta "saboda tiyata", alhali tiyata an riga an yi ta, nas ba ta da yadda za ta warware ta.

Ɗauki majinyata biyu a ɗaki guda, duka numfashinsu bai wadatar ba. Na farko yana ja sau 28 a minti, sama-sama, ya dafe ciki yana cije leɓe. Baligi mai lafiya tsakanin 12 da 20 yake ja. Wannan zafin ɗinki ne. A ba shi maganin zafi a kan lokaci, a ɗaga kan gadonsa, a miƙa masa matashi ya danne wurin: "Baba, daure ka yi tari, ɗinkin ba zai ɓalle ba." Na biyu yana ja sau 8, ana kiransa da ƙyar yake buɗe ido. Wannan allurar mofin ce ta danne shi, ƙara masa ita kuwa ganganci ne, likita za a kira nan take. Matsala ɗaya a takarda, amma sababin ne ya raba aikin.

Alamomi ma a rubuta su da lamba, "yana haki" bai isa ba. Littattafan da aka rubuta a Turai sukan ce a duba ko fata ta yi shuɗi. A jikin baƙar fata sai an buɗe baki an duba harshe da cikin leɓe. Ita kanta na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa, bincike ya nuna takan nuna oksijin fiye da yadda yake a jinin masu duhun fata, don haka ko ta nuna kashi 94, nas ta tsaya ta ƙirga numfashin da agogonta.