KALMOMIN TURANCI: WASU NA TSAYE, WASU SUN YI ƘAURA

Duk wanda ya zauna Ikko ko Badun ya san kalmar canji. Kwandasta ya ce ba shi da canji, 'yan canji kuma ga su nan a bakin otal-otal. Kowa ya san daga Turanci muka aro ta, watau "change". Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, mutanen Ingila su ma aro suka yi. Daga Faransanci suka samo ta, Faransawa kuma daga Latin, inda ma'anarta ta fari ita ce musaya, irin ta ba ni gishiri in ba ka manda. Ashe ɗan canjinmu ya fi Bature riƙe asalin kalmar.

Kishiyarta, "constant", wadda ke nufin abin da ke tsaye ba ya sakewa, ita ma baƙuwa ce, ta hanya ɗaya suka shigo. Dalili kuwa, cikin shekarar 1066 Sarki William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, fada da kotu suka koma yin Faransanci, sai a 1362 aka yi doka a riƙa shari'a da Turanci. Shi ya sa talaka mai kiwo yake ce wa dabbarsa "cow" ko "sheep", amma da naman ya hau teburin manya sai ya zama "beef" da "mutton".

To, ga abin mamaki. Turawa suna da tasu kalmar ta gado mai nufin tsayawa daram, ita ce "fast". Har gobe tana cikin "steadfast", mutumin da ba ya saɓa alkawari, kuma daga gare ta suka sami sunan azumi, don mai azumi ya riƙe abu ne kam. Amma da yake akan ce mutum ya riƙe gudu da ƙarfi, sannu a hankali sai kalmar ta koma nufin sauri. Yau in ka ce wa direba "fast" ba birki zai taka ba. Kalmar da aka ajiye don tsayuwa ita ce ta zama ta gudu!

Irin wannan ƙaura tana da yawa. "Nice" da samari ke yaba 'yan mata da ita, a da wawa take nufi. "Meat" abinci ne kowane iri, "girl" kuwa yaro ne ƙarami, mace ko namiji. Waɗanda ba su motsa ba su ne na cikin gida: "mother", "father", "water", "house". Lafazinsu ya sake, amma fiye da shekara 1,000 ma'anarsu na nan. Haka yake a Hausa, mun ari alƙali da littafi wurin Larabawa, mun ari mota da kwabo wurin Turawa, ba mu taɓa aron uwa ko ruwa ba.

An yi wani malami, Samuel Johnson, wanda ya fitar da babban ƙamus a 1755. Da farko ya so ya ɗaure harshen wuri ɗaya, kafin ya gama aikin ya gane iska yake son kamawa.

Mu ma a nan mun sa hannu. A Ingila "go-slow" ma'aikata ne ke jan ƙafa wurin aiki don a ƙara musu albashi, a Ikko kuwa cunkoson motoci ne. Cikin 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da "danfo" da "okada" da "Kannywood". A ganina babu abin kunya cikin wannan, ko kaɗan. Amma fa a yi hattara, mai duba jarrabawa da mai karanta takardar neman aiki ba su cika bin sawun tasha ba. In ɗanka zai rubuta cewa go-slow ya tsare shi a Gadar Carter, ka sa malaminsa ya koya masa "traffic jam" tukuna.